Wanda Yake Tayar wa Baba Inji

Baba ya fi shekara goma yana niƙa a unguwar Wambai ta Suleja kafin injinsa ya ci masa hannu, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin ya shiga shagon da babbar riga ba. Kayan aikinsa singileti ne da wani wando da gari ya mayar fari, ko an wanke shi haka yake. Mu ma 'ya'yansa, mu huɗu duk mata, iyakarmu bakin ƙofa. In Inna ta aike ni da abincinsa, a kan benci nake ajiyewa in ɗaga murya, don ya ce hijabi da bel ɗin inji ba sa zama ɗaki ɗaya. Haka na girma ina kallon sana'ar ubana daga waje kamar baƙuwa.

Shagon ɗaki ɗaya ne na haya a bakin layinmu. Injin mai shan gas ne, irin wanda ake tayarwa da hannu, yana jan kai biyu: ɗaya na niƙan masara da dawa da gero, ɗaya na markaɗen wake da kayan miya da ƙullun koko. Da shi muke ci, da shi ake biyan hayar ɗakuna biyun da muke ciki, da shi muke zuwa makaranta. Ba mu da gona a Suleja, ba mu da dangi. Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau Baba ya zo tun kafin a haife ni.

A tsallaken layin, ƙofa na kallon ƙofa, akwai wani injin niƙan. Mai shi Bayarabe ne Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma kowa a layin Oga yake ce masa, har matarsa. Tsakaninsa da Baba gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Ba faɗa suka taɓa yi ba, amma mutum biyu da ke jiran robobin matan layi ɗaya ba su cika zama abokai ba. Kowannensu yakan saci kallon ƙofar ɗan'uwansa ya ga ko robobin can sun fi nasa tsawo. Abu ɗaya suka daidaita a kai ba tare da sun taɓa furtawa ba: ranar Juma'a Baba yakan rufe tun hantsi, mata su tsallaka wajen Oga, ranar Lahadi da safe kuma Oga yana coci, su tsallako wajen Baba.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Baba ya dawo daga masallaci cikin farar babbar rigarsa, ita kaɗai ce ta fitarsa, sai ya tarar da wata mata zaune a bakin shagon da daro biyu na jiƙaƙƙen gero, washegari ana suna a gidansu. Robobin Oga sun kai har bakin kwata, ta ce in ta bi layi geron zai yi tsami kafin a zo kanta. Gidanmu yana nan kusa, shiga ya tuɓe rigar ba zai ɗauke shi komai ba. Inna takan ce kunyar matar ya ji. Ni kuwa na san ubana: rabi kunya ce, rabi kuma ba ya so ya fito ya tarar daro biyu sun tsallaka layi. Ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa kamar yadda maza ke yi, ya tayar da inji, ya fara zuba gero. Da ya sunkuya gyara daron da ke tarar ƙullu, hannun rigar na dama ya zame, bel ya kama shi.

Ihun matar ne ya fito da mu. Mutane sun cika ƙofar shagon, amma babu wanda ya san inda ake kashe injin. Oga ne ya ratsa su, ya kashe, ya sa wuƙa ya yanke rigar. Shi ya tsayar da mai Keke, shi ya riƙe kan Baba har asibiti. Da yamma ya dawo ya ci gaba da niƙansa, bai jira godiyar kowa ba.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi ya karye wuri biyu, sai an yi aiki. Da aka faɗi abin da aikin zai ci, Baba ya kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. Kwana biyu bayan nan aka sa shi a mota zuwa wajen wani mai ɗori a wani ƙauye bayan Gawu Babangida. Ba na zargin mai ɗorin, ya yi iyakar saninsa, kuma ƙashin ya haɗu. Amma gwiwar hannun ta ƙage a lanƙwashe, ba ta miƙewa, yatsun kuma ko kofin shayi ba sa riƙewa da kyau.

Wata huɗu shagon yana rufe. Keken ɗinkin Inna ne ya fara fita daga gidan, sai tumakinta biyu, sai 'yan kunnen da take ajiye mini. A shekarar na gama sakandare, na sami gurbin karatu a wata kwaleji, takardar ta zauna a ƙasan akwati har lokacinta ya wuce. Babu wanda ya ce mini kada in tafi. Na dai duba tukunya na gane da kaina.

A watannin nan ne na lura cewa karaya ɗaya ce, amma abin da take ci wa mutum ya danganta da inda yake tsaye. A gidan da muke haya akwai wani Bakano mai aikin gini da wani kamfani a Abuja, ya taɓa faɗowa daga bene. Shi kamfanin ya biya masa asibiti, aka ba shi wani abu a ambulan, daga nan mai gadin ƙofa ya daina gane fuskarsa. 'Yan Kudu da ke layinmu suna da taron 'yan garinsu duk ƙarshen wata, in ɗayansu ya kwanta sukan haɗa masa abin da ya samu. A ƙauyenmu kuwa, in manomi ya karye, dangi sukan yi masa gayya su nome gonarsa a wannan daminar. Baba ba shi da kamfani, ba shi da taro, gonar da zai sa a nome masa kuma tun da daɗewa ya bar wa ƙanensa. Yanzu ina aiki a wani ofis a Abuja, a ɓangaren da ke kula da takardun ma'aikata, kuma akwai takardar da muke cikewa in wani ya ji ciwo a bakin aiki. Tana da gurbin kuɗin magani, tana da gurbin kwanakin da aka yi ba a zo ba. Duk lokacin da nake cika ta sai in ji haushi, don na san abubuwan da ba ta da gurbinsu.

Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, ya zo daga ƙauye dubiya, ya kawo shawara a fili.

"Yaya, ka sayar da injin nan ku dawo gida. Tuwo dai ba zai gagara ba."

"In na dawo in yi me? Fartanya ma hannu biyu take so."

"Ka zauna mana. Ka yi wahala ai, ka huta."

"Zaman ne ba na so," in ji Baba.

Inna tana goyon bayan Baffa, kuma ban ga laifinta ba. Ita ta wanke rigar nan mai jini, ko ƙarar injin Oga ta jiyo daga tsallake sai ta runtse ido. Har an sami mai saye, wani mutum daga Madalla, ya zo sau biyu yana zagaya injin yana taɓa nan yana taɓa can. Baba ya ce a ba shi wata ɗaya ya gwada. In ya kasa, a kira mutumin Madalla.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan inji hannu biyu yake so kafin ya tashi. Akwai wani ɗan ƙarfe a samansa da masu inji ke kira liba, hannun hagu zai danne shi don injin ya saki jiki ya yi sauƙin juyawa. Hannun dama kuma ya kama ƙarfen tayarwa ya yi ta juyawa da dukkan ƙarfin kafaɗa da baya, har babbar tayar injin ta ɗauki gudu. A daidai nan ake sakin liba, injin ya yi tari biyu ko uku ya kama. In aka saki da wuri, ƙarfen ya dawo da baya ya doke mai juyawa. Sauran aikin niƙa duk Baba zai iya da hagu, har da ɗaga daro in ya tallafe da cinya. Tayarwar nan ce kaɗai ta fi ƙarfinsa, kuma ba a niƙa sai da ita. Ɗaukar ma'aikaci kuwa zai cinye ɗan abin da za a samu. Na ce zan tuɓe hijabi in shiga in riƙe masa liba, ya yi mini kallon da ban sake maimaita maganar ba.

Safiyar da ya buɗe shagon ina bakin ƙofa. Ya share, ya zuba gas, ya duba ruwa. Tsofaffin masu kawo masa niƙa guda huɗu ko biyar suka zo da robobinsu, suna yi masa barka. Ya kama ƙarfen da hagu, ya nemi kai hannun dama kan liba, hannun bai kai ba. Ya gwada juyawa haka nan, injin ya ƙi ko motsi. Ya tsaya yana zufa, matan suna kallon ƙasa. Can ɗaya ta ɗauki robarta a hankali, kamar mai satar kayanta, ta tsallaka.

Sai ga Oga ya tsallako, yana goge hannu da tsumma. Bai yi sallama ba, bai ce sannu da jiki ba.

"Malam, matsa," kawai ya ce.

Ya danne liba, ya juya, ya saki, injin ya kama. Ya zare ƙarfen ya rataye a ƙusa ya koma shagonsa. Washegari ma haka, tun kafin ya tayar da nasa. Wata ɗayan da Baba ya nema ya wuce, wani ya bi bayansa, Oga bai fasa ko rana ɗaya ba. Ranar Lahadi ma yakan biyo cikin kayan cocinsa, ya tuɓe rigar sama ya miƙa wa matarsa a waje, ya tayar, sannan su wuce. Mata sun yi ta mamaki, don kowa ya san duk robar da aka niƙa a shagonmu daga bakinsa aka cire ta.

Amma tayarwa sau ɗaya ce a rana, don Baba ba zai iya buɗe baki ya kira shi sau biyu ba. Kafin ya ji ciwo, in babu niƙa yakan kashe inji ya zauna a benci, in roba ta zo ya tayar. Yanzu in Oga ya tayar da safe, ba a kashewa sai magariba. Da rana tsaka, lokacin da layin yake yin shiru, injin yana nan yana ruri shi kaɗai ba abin da yake niƙawa, Baba yana zaune a benci yana kallon ribarsa tana fita ta bututu. Ko sallar azahar a ƙofar shagon yake yi, cikin ƙarar. In wake ya shaƙe injin ya mutu da kansa, sai ya zauna shiru yana goge-goge na ƙarya har Oga ya lura ya tsallako. Aiki ya dawo, amma nama bai dawo miyarmu ba. Inna ta ce wannan ba sana'a ba ce, ciyar da inji ne, kuma ta ci gaba da ajiye lambar mutumin Madalla.

Akwai abin da na lura da shi a lokacin na yi masa mummunar fassara. In Oga ya gama juyawa, ba ya tafiya nan take kamar farko. Yakan jingina da ƙyauren shagon ya daɗe, kansa a ƙasa, hannu a ƙugu. Na ce wa Inna ya fara jiran a gode masa ne. Ni dama tun ina yarinya bakina ya fi hankalina sauri, har yau kuma ban gama warkewa ba.

Wata safiya, wajen wata na biyar da buɗe shagon, Oga ya shigo ya zaro ƙarfen daga ƙusa, maimakon ya sa a inji sai ya miƙa wa Baba.

"Malam, yau kai za ka juya. Ni zan riƙe liba."

"Da wane hannun?"

"Da wanda ya rage. Oya, maza."

Baba ya juya sau uku ko huɗu, hannun ya mutu. Hagun mutumin da ya yi rayuwarsa da dama ba ta san komai ba, tana zuwa a karkace, tana tsayawa a inda ake son gudu. Oga ya karɓa ya tayar. Washegari ya sa shi ya gwada sau biyu kafin ya karɓa. Bayan mako guda ya zama sai Baba ya gwada har ya rasa numfashi, Oga yana tsaye da yatsa a kan liba yana cewa, "Ƙara. Small small, kaɗan-kaɗan. Da baya ake juyawa, ba da hannu ba, kai ma ka sani." Duk wannan a gaban mata ake yi. Wasu suna tausayi, wasu suna danne dariya, masu sauri kuma suna ɗaukar robobinsu su tsallaka su ajiye a ƙofar Oga, inda matarsa take karɓa. Baba yakan dawo gida kafaɗarsa ta hagu a kumbure, Inna ta gasa masa da ruwan zafi tana mita. Shi kuwa na ga ya cika wata jarka da yashi yana ɗagawa a bayan ɗaki bayan sallar asuba.

Ni kam na gama yanke hukunci. Na ce mutumin nan ya gaji da mu, kuma ya gano hanyar da zai riƙa ɓata wa Baba safiya yana kwashe masa masu niƙa, ga suna na mai taimako. Ranar da ƙarfen ya dawo da baya ya doki Baba a cinya har ya zauna a kan buhu, ban tsaya neman shawarar kowa ba. Na bari Oga ya tayar ya fita, na bi bayansa.

Ba ya cikin shagonsa. Matarsa ta nuna mini baya da baki. Na zagaya na same shi zaune a kan wata tsohuwar taya, ya dafa gwiwoyi, yana tari a tsumma. Tsakanin tari da tari numfashinsa yana fita da wata 'yar ƙara siririya. Na gani, amma na riga na ɗauko magana, sai da na sauke ta.

"Oga, in ka gaji da taimakon ka faɗa mana. Ba sai ka mayar da ubana abin kallo ba. Masu niƙan da kake so ai ga su can a ƙofarka, ka samu."

Bai amsa ba sai da tarin ya lafa. Ya ɗago, idanunsa jajaye.

"'Yar Malam, kin gama?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Likita ya ce gari ya cika mini ƙirji. Shekara da shekaru ina shaƙa. Ya ce in ban bar inji ba, ba zan daɗe ba. Bayan Kirsimeti zan tafi gida." Ya ja numfashi. "Juyawan nan da nake yi wa babanki, in na gama sai in ga duhu. To in na tafi, wa zai juya masa? Ke?"

 Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

"Abeg, kada ki faɗa masa," ya ce. "In ya sani zai ce in daina zuwa. Na san shi, girman kai kamar ni. Kuma hannun bai gama ba, saura kaɗan."

Na durƙusa na ce ya yi haƙuri. Ya kaɗa tsumman ya ce in tashi, ba ya son wahala, shi ma yana da 'ya mai baki irin nawa.

Ban faɗa wa Baba ba, amma na faɗa wa Inna. Ta yi ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Washegari da safe ta dama kunun gyaɗa ta zuba a babban kwano ta ce in kai tsallake. Da mutumin Madalla ya sake kira a makon, ita ta karɓi wayar ta ce masa injin ba na sayarwa ba ne. Mitar da take yi in tana gasa kafaɗar Baba ma ta daina, sai dai ta ce, "Gobe ka ƙara ƙoƙari, Malam." Ya kalle ta yana mamakin wannan sabon hali.

Ban san ranar da Baba ya gane ba, amma ya gane, don shi ma ba yaro ba ne, kuma tarin ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Bai ce wa Oga ya daina zuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya daina bari ƙarfen ya koma hannun Oga. Ko zai gwada sau biyar, shi zai gwada, Oga dai ya riƙe liba. Wata safiya kafin ƙarshen damina injin ya kama a hannun hagunsa. Babu wanda ya yi guɗa. Oga ya ce, "Ka gani?" ya fita, Baba kuma ya fara zuba masara kamar kullum haka ake yi.

Saura liba. Wannan dabarar ta Baba ce, kuma ina alfahari da ita. Ya ɗaura igiya a jikin liba, ya bi da ita ta cikin wani zoben ƙarfe da ya kafa a bango, nesa da bel, ya sauko da ita ƙasa ya yi mata madauki. In ya sa ƙafa a madaukin ya taka, liba ta dannu. In ya ɗaga ƙafa, ta saki. Sun yi makonni suna gardama a kan tsawon igiyar, Oga yana cewa ta yi tsawo, Baba yana cewa shi da ƙafarsa ya fi kowa sanin tsawonta. A makonnin nan na ji sun yi maganar da ta fi ta duk shekarun da suka yi suna kallon juna. Wani lokaci dabarar ta yi, wani lokaci ƙafar ta riga hannun, sai Oga ya kai yatsa ya gyara. Har ranar da Oga zai tafi, Baba bai taɓa tayarwa ba sai yana tsaye a gefensa.

'Yan garin Oga sun haɗa masa kuɗin motar da za ta kwashe kayansa. Injinsa kuwa mutumin Madalla ne ya saya, wanda ya yi ta zagaya namu. Na tsaya ina kallo ana kwance shi ana lodawa, Oga yana zaune a benci ba ya iya ko ɗaga kusurwa. Ya zo Suleja da ƙarfinsa, ya bar mata ƙirjinsa, zai koma garin da ba shi da sana'a a cikinsa, yaransa kuma za su bar makarantarsu a tsakiyar shekara. Baba ya tsallaka da wani ƙullin yadi da Inna ta saya, suka yi musabaha da hagu. Oga ya ce, "Malam, ka riƙa ɗaura tsumma a hanci." Baba ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, maƙwabci." Ban sake ganin Oga ba daga ranar.

Washegari robobi sun cika ƙofar shagonmu har sun zagaya kwana, na Baba da na Oga duka. Abin da Baba ya yi shekaru yana satar kallo yana so ke nan, kuma da ya fito ya gan su sai ya kau da kai. Na tsaya a inda na saba tsayawa, na san in igiyar nan ta ƙi yau babu mai tsallakowa. Ya zuba gas, ya duba ruwa, ya sa ƙafa a madauki. Gwajin farko ƙafar ta riga hannun, ƙarfen ya fizge, ya kauce. Ya tsaya ya huta, ya goge tafin hannunsa a wando, ya yi bisimilla. A na biyu tayar ta ɗauki gudu, ya ɗaga ƙafa, injin ya yi tarinsa ya kama.

Ya niƙa roba uku ko huɗu, sannan ya leƙo ya ɗaga murya ya ce in kira masa Oga a waya. Na kira, matarsa ta ɗauka ta ce sun isa lafiya, ta miƙa masa. Baba bai karɓi wayar ba, ya ce in miƙa hannu ta ƙofa in bar Oga ya ji ƙarar injin. Na yi haka na ɗan lokaci, sannan na matsa gefe na sa a kunne. Muryar Oga ta yi siriri, sai da ya yi tari kafin ya yi magana.

"Shi ya tayar?"

"Shi kaɗai," na ce.

"To. Ki ce masa bel ɗinsa ya saki, ina ji daga nan."

Na faɗa wa Baba. Ya ce ƙarya yake yi, mutum yana can ƙasar Yarabawa zai koya masa injinsa. Amma ya juya ya duba, ya daɗe yana kallon bel ɗin. Sai ya kai hannu ya kashe injin, da hantsi, mata fiye da ashirin suna jira. Layin ya yi tsit. Wata ta ce, "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce. "Ku ɗan jira in ɗaure bel, yanzu zan tayar."

Ya ɗauki sifana da hagu ya durƙusa. Ni kuma na koma bayan shagon, inda matan ba za su gan ni ba, na zauna na yi kukana.